Ta'aziyyar da Na Ƙulla a Haɓar Zane

Tun da na dawo daga Nijar matan ajinmu suka hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan a wurin niƙa: Ladi yaya Maraɗi, Ladi me kika gano, Ladi da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu? Bakina ya gaji. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu, ko da yake sai da na aurar da 'ya'ya kafin na riƙe fensir, ga shi nan na rubuta. Wadda ta iya ta karanta. Wadda ba ta iya ba ta dawo aji.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo Hassi, tana aure a wani ƙauye gaba da Madarumfa tun kafin a haife ni. Ɗanta namiji ɗaya ne, Mamman, kuma ya rasu ana tsakiyar karyar masara. Danginmu suna Malumfashi da Bakori da Tsiga, kowa na gona, hanya kuma ba kowa ke son hawanta ba a wannan zamani. Sai aka ce a yi mata ta'aziyya ta waya. Wanda ya faɗi haka bai san Gwaggo ba. Ita ta ce waya ba ta da fuska, ba ta sani ba ko mutum gyaɗa yake ci yana cewa Allah ya ji ƙai.

Amma gidansu akwai ƙaramin talabijin mai aiki da hasken rana, wanda ake soka wa filashi. Shi ne surukinmu Malam Bala, mai babbar waya, ya hau mashin ya bi gida-gida yana ɗaukar kowa bidiyo yana gaisuwa. Ni aka zaɓa in kai, don ni ce na iya karanta allon hanya, kuma ni ce ba na rawar jiki gaban mai kaki.

Akwai mutum ɗaya da wannan tafiya ta fi shafa. Baffanmu ya bar tagwaye a Tsiga, Yaya Hasan da Yaya Husaini. Lokacin da mijin Gwaggo ya rasu, Hasan ya je, Husaini ya ce hanya ta yi nisa. Gwaggo ta aiko a gaya masa cewa ta riƙe. Ta ce in aka sake yin wata rasuwa a gidanta ba ta ga gaisuwarsa ba, to ba ta san shi ba, kuma kada ya zauna a tabarmar makokinta. Yanzu ga rasuwa ta zo, Husaini kuma ciwon suga ya kwantar da shi, ƙafarsa a naɗe, ko masallaci sai an riƙe shi. A wancan karon ya ƙi zuwa, a wannan karon ba zai iya ba. Ana gobe zan tafi ya aiko matarsa ta ce mini, "Ya ce ki tabbata ta ga nasa."

Funtuwa muka fara zuwa ni da Malam Bala, shagon Emeka mai gyaran waya. Emeka haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Bala ya miƙa masa waya ya ce kowa ya ba da saƙo a sa nasa biyu ko uku.

"Biyu ko uku na me?" in ji Emeka.

"Kada ɗaya ya lalace a hanya."

Emeka ya dube ni. "Mama, filashi fa ba gona ba ce. Ba tsuntsun da zai tone."

Gaskiyarsa. Amma mutanenmu haka suke shuka, ba a jefa ƙwaya ɗaya a rami. Na ce ya yi yadda suka ce, ba ni da ƙarfin komawa Tsiga in yi wa tsofaffi bayani. Ya yi. Yana gamawa Bala ya share komai daga wayarsa, don ta cika har ba ta amsa kira da kyau. Na karɓi filashin na ƙulle a haɓar zane. Ban zauna na kalli kowa da kowa ba. Ta'aziyya ce, na san abin da ake cewa.

Motar Katsina na hau a Malumfashi da sassafe. Kujerar mutum uku aka zuba mu huɗu, da buhun daddawa a ƙarƙashin ƙafa. Kusa da ni wata Bayarabiya ce, Iya Kudi, mai zuwa Maraɗi sayen wake. Tun daga 'Yashe take ba ni labarin ciwon bayanta har muka kusa Kankiya, inda taya ta fashe. Direba ya ce ƙaddara ce. Na leƙa tayar, ta yi sumul kamar bayan cokali. Na ce masa, "Malam, wannan ba ƙaddara ba ce, rowa ce." Bai sake yi mini magana ba, kuma ban yi asarar komai ba.

Daga Katsina muka sauya mota zuwa Jibiya. Daga nan ƙasa ta fara canza launi. Mu a nan idan ka taka gona ƙafarka ta yi baƙi, can kuwa yashi ne, masara ta ɓace, gero ya karɓi fili.

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Iya Kudi ta san kowa, tana ta gaisawa kamar a gidan suna. Ni aka tura wurin wani dogon jandarma, wato ɗan sandansu. Ya duba katina, ya duba fuskata, ya ce, "Ina kika hito, ina za ki?" Can "fito" ba ta da fa, "tafi" ma "tahi" ce. Na gaya masa. Sai idonsa ya kai kan ƙullin zanena.

"Mi na na nan?"

"Gaisuwar mutuwa ce."

"A cikin zane?"

Na kwance na nuna masa. Ya ce, "Au, kile." Haka suke kiran filashi. Na yi masa bayani a taƙaice. Ya cire hularsa, ya ce Allah shi ji ƙan mamaci, Allah shi ba tsohuwa haƙuri. Na ce amin. Ban shirya wa wannan ba, na zo da bakin faɗa ne na koma da shi ban taɓa ba.

A Maraɗi na sauka gidan Hajiya Rabi, 'yar Bakori ce da aure ya kai ta can, tana saukar da mata fatake. Ɗaki ne dogo, tabarmi a jere, kowa da ƙunshinta a matsayin matashin kai. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne kamar muciya, ɓawonsa yana yanka dasashi. A yaga shi a zuba wake da mai a ciki, wai karin kumallo ke nan. Na ci don yunwa. Dambun zogalensu kuwa ban da abin cewa, ya fi namu, kuma duk wadda ta ji haushi ta je ta ɗanɗana. Furarsu ma ba a yi mata ha'incin ruwa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne rana na take tsakiya sai gari ya mutu. A rufe shago, a rufe ofis, kowa ya miƙe ƙafa sai la'asar ta kusa. Na ce wa Hajiya Rabi, a Funtuwa in ka rufe shago da azahar maƙwabcinka zai zo ya tambayi wa ya rasu. Ta ce, "Shi ya sa hawan jini ya gama da ku."

Hajiya Rabi ta san Gwaggo, ta ce ita ma sai ta sa tata gaisuwar. Aka ɗauke ta a waya. Washegari ranar kasuwar yankin su Gwaggo ce, kuma a ranar kaɗai mota ke shiga ƙauyen. Muka biya ta rumfar wani Malam Isuhu a bakin tasha, dattijo mai tabarau da tsohuwar kwamfuta, don ya tura tata a ciki. Ya soka filashin ya girgiza kai.

"Madam, kile ɗin ga ya cika hal baki. Ko numfashi ba ya shiga."

Nan na tuna ba gaisuwar Hajiya Rabi kaɗai ke son wuri ba. Amsar Gwaggo ma a cikinsa zan dawo da ita. Na ce to a rage. Ya buɗe, sai ga danginmu sun fito a ƙananan hotuna, jere-jere, ba suna, sai lambobi. Inna Talatu uku. Malam Sani biyu. Matar Malam Sani uku, don ba za ta yarda mijinta ya fi ta ba. Muka shiga aiki, ina nuna fuska, yana barin ɗaya ya goge sauran. Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Akwai waɗanda na daɗe ina son in rage su.

Sai muka zo kan wata fuska har biyar. Farar shadda, hula zanna, a tsaye jikin rumbu.

"Wanga ya hi kowa tsoro," in ji Malam Isuhu. "Hal biyar."

"Ba mutum ɗaya ba ne. Tagwaye ne."

Gida ɗaya suke, rumbu ɗaya, kuma kayan sallarsu daga yadi ɗaya ake yanka musu tun suna yara. A fili ina gane su, Husaini ya fi rama yanzu. A hoto mai girman akwatin ashana kuwa, daga ƙirji zuwa sama, ko uwarsu sai ta yi tunani.

"To mu saurara ɗai-ɗai," in ji shi.

A daidai lokacin kamasho ya fara kiran sunan kasuwar, yana bugun jikin mota. Hajiya Rabi ta ce saura mutum biyu ta cika. In ta tashi sai wani mako. Na yi lissafi irin na mai hankali: na farko da na ƙarshe ba za su zama mutum ɗaya ba.

"Bar na farko da na ƙarshe. Goge na tsakiya."

"Madam, kin tabbata?"

"Malam, da ban tabbata ba da ban faɗa ba."

Ya goge. Ya tura ta Hajiya Rabi. Na ƙulle abina na ruga.

Motar a-kori-kura ce, mu da awaki da jarkokin mai. Inda yashi ya yi yawa sai maza su sauka su tura, mata mu yi ta salati. Daga kasuwar kuma amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Mai amalanken ya tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasarmu masara tana fin mutum tsawo. Na ce tana fin mutum a kan jaki. Ya ce 'yan Najeriya dai ba ku rabo da cika baki.

Na sami Gwaggo a ɗakinta, ta ƙanƙance, idonta ya yi hazo, amma kunnenta ras. Na durƙusa na yi tawa gaisuwar. Ta shafa fuskata ta ce, "Ladi 'yar boko. An ce kin shiga lakwal da furfura." Lakwal ita ce makaranta. Na ce na shiga. Ta ce, "Ya yi. Da wauta da furfura gara karatu da furfura." Aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka. Can in sun ce hatsi gero suke nufi, dawa da masara ba sa cikin lissafi.

Bayan la'asar matar marigayi, Zuwaira, ta kunna talabijin. Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Duk wanda ya fito ya ce, "Gwaggo ya haƙuri," sai ta amsa masa kamar yana ɗakin: "Da godiya, Talatu. Kin tsufa." Ko kuma, "Da godiya, Sani. Har yanzu ba ka gyara haƙorin nan ba." Mata sun cika ƙofa suna kallo.

Farar shadda ta fito. Gwaggo ta daina amsawa. Ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ji ƙansa. Yana cewa Allah ya haskaka kabarinsa sai wata akuya ta yi kuka a bayan rumbu. Ya gama. Na biyun ya fito, farar shadda, rumbu. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Yana cewa Allah ya haskaka kabarinsa, akuya ta yi kuka.



"Zuwaira, tsai da shi," in ji Gwaggo. Ta juyo wajena. "Ladi, akuyar Tsiga karatu take yi? Ta san inda za ta yi kuka?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Mutum ɗaya ne sau biyu," ta ce. "Ina ɗayan?"

Ban iya ƙarya ba, kuma ban ga dalilin fara koyo a gidan makoki ba. Na gaya mata komai, tun daga shagon Emeka har rumfar Malam Isuhu. Na ce biyar ne, ni na sa aka goge uku, laifina ne ba na kowa ba.

"Kina wurin sadda Husaini ya yi tasa?"

"Ba na nan."

"Kin kalle ta kafin ki goge?"

"Ban kalla ba. Amma na ga fuska biyar."

"Fuska ɗaya kika gani sau biyar."

Ta faɗi daidai. Ba zan iya rantsuwa cewa a cikin ukun da aka goge akwai wani daban ba. Na ce matarsa ta zo ta gaya mini ya yi. Ta ce matar mutum ba shaida ba ce. Na ce a hau tudu inda ake samun sabis a kira shi. Ta ce, "In kira shi in tambaye shi ko ya gaishe ni? Ni?"

Ta sa aka maimaita. Na matso ni ma, na zuba ido. Wani lokaci in ga kamar kumatun Hasan ne, wani lokaci in ga kamar ramar Husaini. Muryarsu ɗaya ce tun fil azal. Ba wanda ya faɗi sunansa a ciki, don wa zai gaya wa gwaggonsa sunansa? Gwaggo ta kalla har batir ya yi sanyi.

Kwanakin da na yi a can ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Na taya su surfe. Na ga yadda suke jan ruwa da saniya daga rijiyar da ba a ganin ƙasanta, na daina ƙorafin layin famfonmu a zuciyata. Na ga mata suna zuwa gaisuwa kowace da ƙwaryar gero a kai, ba mai zuwa hannu sake, kuma ba mai tsayawa jiran abinci. Mu nan sai a ga makoki ya koma walima.

Ranar da zan tafi malamin makarantar ƙauyen, da suke kira Mushe, ya zo da wayarsa ya ɗauki amsar Gwaggo. Ta sa mayafinta mai kyau. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya da suna, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har Hajiya Rabi. Tagwaye ta bari a ƙarshe. Abin da ta ce shi ne:

"Wanda ya tsaya jikin rumbu, na ga gaisuwarka, na amsa, ba komai tsakanina da kai duniya da lahira. Ɗayan kuma ban ga tasa ba. Ya san kansa."

Mushe ya tura a filashi. Wuri kam ya samu, har da saura.

Dawowa ba ta da labari, sai dai Iya Kudi da na sake haɗuwa da ita a Jibiya, bayanta na nan yadda na bar shi. Ban sauka a gida ba, na wuce Tsiga kai tsaye. Aka aro talabijin aka kai ɗakin Yaya Husaini. Yana kwance, ƙafar a kan matashi. Yaya Hasan ya zauna a bakin gado. Kafin a kunna na gaya musu abin da na yi, ban rage ba ban ƙara ba. Matar Husaini ta fara salati, na ce ta bari a gama tukuna, in za ta zage ni ta zage ni gaba ɗaya.

Suka ji amsar Gwaggo. Sannan na sa aka kunna na jikin rumbun. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Akuya ta yi kukanta.

Husaini ya ɗaga kai yana ƙoƙarin gani, idonsa ma ciwon ya taɓa shi. Ya ce, "Hasan, ni ban tuna akuya ba."

"Ina za ka tuna," in ji Hasan. "Kana ta fama da tsayuwa, ni na riƙe ka ta ƙasa. Kai ne. Dubi yadda hular ta karkace, yaushe na taɓa sa hula haka?"

"Ni ne?"

"Kai ne mana. Nawa Ladi ta goge. Ta daɗe tana jin haushina."

Husaini ya mayar da kansa kan matashi, ya rufe fuska da hannun riga. Muka fito muka ba shi wuri.

Hasan ya rako ni bakin hanya inda ake samun mashin. Masararsa na jibge a ƙofar gida ba a ɓare ba. Ya ce tunda shi ne Gwaggo ba ta ga tasa ba, dole ya je da ƙafarsa ya gaya mata haka, kasuwa mai zuwa.

Na tsaya na dube shi. Na ce, "Yaya Hasan, tsakaninka da Allah, wane ne a jikin rumbun nan?"

Ya gyara hularsa, ya duba hanya.

"Ladi," ya ce, "motar Jibiya ƙarfe nawa take tashi daga Katsina?"